Amsoshin Tambayoyinku: Brenda Milner da mutumin da ya daina tuna sabon abu

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a shirin Amsoshin Tambayoyinku. Yau wasiƙu uku ne a gabanmu, kuma duk sun haɗu a kan mace guda, don haka za mu ɗauke su tare.

Ta farko daga wani ɗalibi ce a Zariya. Ya ce malaminsu ya ba su labarin wani Ba'amurke da aka yi wa tiyata a ƙwaƙwalwa ya daina riƙe komai, ya kuma ce wata mata ce ta gano sirrin lamarin. Yana so ya san wace ce ita, kuma me ta gano.

To ɗan'uwa, sunanta Brenda Milner. An haife ta a birnin Manchesta na Ingila a 1918. Lissafi ta shiga karanta a Jami'ar Kambirij, sai ta ga ba a nan za ta yi fice ba, ta koma ilimin halayyar ɗan Adam, ta gama a 1939, shekarar da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. A lokacin yaƙin ta yi aikin gwaje-gwajen tantance matuƙan jiragen yaƙi, daga baya kuma aikin na'urar hango jirage. A 1944 ta bi mijinta Peter Milner zuwa Kanada. Can a Montiriyal ta yi digirin digirgir a Jami'ar McGill a hannun Donald Hebb, ta kammala a 1952. Hebb ne ya tura ta Cibiyar Nazarin Jijiyoyi ta Montiriyal, wurin likitan tiyata Wilder Penfield, wanda ke yi wa masu farfaɗiya aiki ta hanyar cire ɗan sashen ƙwaƙwalwar da cutar ke tasowa daga gare shi. Aikinta shi ne ta gwada majiyyaci kafin a yi masa aiki, ta sake gwada shi bayan aikin, ta rubuta abin da ya canza.

A nan ne ta ci karo da majiyyata biyu da aka cire musu sashe a gefe ɗaya kawai, amma suka tashi da mantuwa mai tsanani. Ita da Penfield suka yi zargin cewa ɗaya gefen dama can ya lalace ba a sani ba, shi ya sa da aka cire wannan, babu inda za a dogara. Wani likita a Hartford ta jihar Kanetikat a Amurka, William Scoville, ya ji wannan bayani, ya kira ya ce yana da majiyyaci irin wannan, a turo a gani.

Majiyyacin shi ne Henry Molaison, wanda duniya ta sani da haruffa biyu kawai, H.M., har sai da ya rasu a 2008 aka bayyana sunansa. A 1953, yana ɗan shekara 27, farfaɗiya ta hana shi aiki, magani ya gaza, Scoville ya cire masa sashen ciki na ƙwaƙwalwa ta gefen kunnuwa, dama da hagu, har da mafi yawan wani ɗan abu mai lanƙwasa da ake kira hifokamfus. Farfaɗiyar ta yi sauƙi. Amma daga ranar, duk abin da ya faru, da zarar ya juya hankalinsa, abin ya ɓace masa. Zai ci abinci, a ɗauke kwano, ya manta ya ci. Zai karanta mujalla ɗaya sau da yawa, kullum sabuwa ce a wurinsa. Milner ta fara zuwa wurinsa a 1955, ta yi shekaru tana zuwa, kuma duk zuwan sai ta sake gaya masa sunanta.

Amma hankalinsa lafiya ƙalau. Yana hira, yana raha, yana tuna ƙuruciyarsa. Ta taɓa ba shi lamba 584 ta ce ya riƙe, ya riƙe ta kusan minti 15 saboda yana ta maimaita ta a ransa. Da aka ɗauke masa hankali da wata magana, ba lambar kaɗai ba, har cewa an ba shi lamba ya manta. A 1957 ita da Scoville suka buga rahoton wannan bincike, kuma har yau yana cikin rubuce-rubucen da masana ƙwaƙwalwa suka fi ambato.

Don ka gane nauyin abin, a wancan zamani ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne na Karl Lashley, wanda ya daɗe yana yanka ƙwaƙwalwar ɓeraye yana neman inda tunawa take zaune bai samu ba, har ya ce a warwatse take ko'ina. Milner ta nuna cewa akwai wani wuri takamaimai wanda in babu shi, sabon abu ba ya shiga rumbu, ko da tsohon hatsin yana nan.

Ni dai abin da ya fi burge ni shi ne gwajin tauraro. Ta ba Henry takarda mai zanen tauraro mai layi biyu, ta ce ya bi tsakanin layukan da fensir, amma ba zai kalli hannunsa kai tsaye ba sai ta madubi. Ku gwada a gida, za ku sha mamaki, hannu sai ya ƙi bin umarni. Kwana uku yana yi, kuskurensa yana raguwa kamar na kowa. A rana ta uku ya zana shi tsaf, shi kansa yana mamakin yadda abin ya zo masa da sauƙi, domin a saninsa bai taɓa ganin takardar ba. Hannu ya koya, mai hannun bai san an yi ba. Daga nan aka gane tunawa ba abu ɗaya ba ce. Tuna abin da ya faru jiya daban, iya tuƙa keke ko saƙar hula daban, kuma kowanne da hanyarsa a ƙwaƙwalwa.

Wasiƙa ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Maradi. Ta ce ɗanta yana fama da farfaɗiya, ta ji wannan labari, shin in aka yi masa tiyata zai manta da ita?

Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Ki kwantar da hankalinki. Da farko, yawancin masu farfaɗiya da magani ake shawo kanta, ba a kai ga tiyata. Na biyu, abin da ya sami Henry ya faru ne saboda an cire masa gefe biyu a lokaci guda, kuma saboda darasin da aka koya daga gare shi likitoci suka daina yin haka. Scoville da kansa ya yi ta gargaɗin abokan aikinsa kada su maimaita. Yau kafin a taɓa mutum sai an gwada a ga ko ɗaya gefen zai iya ɗaukar nauyin, kuma Milner tana cikin waɗanda suka gyara irin wannan gwaji a Montiriyal, inda ake sa wa rabin ƙwaƙwalwa maganin barci na ɗan lokaci a duba magana da tunawa. Henry ma bai manta mahaifiyarsa ba. Ki ci gaba da kai yaron asibiti, kada a dakatar da magani sai da shawarar likita.

Ta uku gajera ce, daga wani malamin makaranta a Kumasi: shin an ba Brenda Milner kyautar Nobel?

A'a malam, ba a ba ta ba. Ta sami kyautar Balzan a 2009, sannan kyautar Kavli a 2014, wadda ta raba da John O'Keefe da Marcus Raichle. A shekarar 2014 ɗin dai O'Keefe ya karɓi Nobel tare da May-Britt Moser da Edvard Moser, shi a kan ƙwayoyin hifokamfus da ke nuna wa dabba inda take, wato dai a kan ɗan abin nan da aikin Milner ya jawo hankalin duniya gare shi. In ka tambaye ni, da an sa ta cikin masu Nobel babu wanda zai ce an yi son kai. Ba a kan Henry kaɗai ta tsaya ba. A 1963 ta nuna cewa masu rauni a gaban ƙwaƙwalwa, wajen goshi, suna kasa sauya dabara ko da sun ga wadda suke bi ta daina aiki. Ɗalibarta Suzanne Corkin ta karɓi binciken Henry ta ci gaba da shi har ƙarshen rayuwarsa, kuma a 2009 aka yanka ƙwaƙwalwarsa falle 2,401 a San Diyego domin nazari. Ita kuwa Milner, ta cika shekara 100 a 2018 tana nan tare da cibiyar da Hebb ya tura ta tun tana ɗaliba.

Lokaci ya ƙure mana. Wanda ya gwada tauraron nan ta madubi, ya rubuto mana sau nawa fensirinsa ya fita daga layi a ranar farko. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.