Na je inda aka binne Appu a Bangalore

Salamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri da ƙarar hon ɗin nan, Bangalore ce ba a raba ta da cunkoso. Yau ba makaranta sai na ce bari in zo in nuna muku wani waje, Kanteerava Studio, nan aka binne jarumin fim Puneeth Rajkumar, wanda mutanen garin nan ke kira Appu.

Mu da muka taso da kallon Indiya mun ɗauka duk jarumansu a Mumbai suke, ashe ba haka ba ne, kowane yanki da masana'antarsa da yarensa. Shi wannan da yaren Kannada yake fim, babansa Dr. Rajkumar ma babban jarumi ne, ga kabarinsa can kusa da na ɗan. Eh kabari na ce, nima da farko na zaci ƙonawa za a yi, sai na ga su danginsu binnewa suke.

Ina garin nan ranar da ya rasu, 29 ga Oktoba 2021, Juma'a ce. Bugun zuciya ne, shekararsa 46 kacal, mutum mai motsa jiki kullum. Wallahi kafin la'asar shaguna sun fara rufewa, mai shayin layinmu da ban taɓa ganin ya daina surutu ba na same shi zaune kan benci yana kuka da waya a hannu, madararsa na tafasa tana zuba ko kallonta bai yi ba. Aka kai gawar filin wasa na Kanteerava, mutane suka kwana a layi don su gan shi.

To abin da ya fi tsaya min a rai sai bayan rasuwar ya fito. Ashe yana ɗaukar nauyin karatun yara marasa galihu, yana tallafa wa gidajen marayu da na tsofaffi, har da wata cibiya Shaktidhama a garin Mysuru da ke riƙe mata da 'yan mata, kuma yawanci bai taɓa kiran kyamara ba. Mu kuwa buhun shinkafa ɗaya sai an yi hoto goma an ɗora a Facebook, ni kaina ban tsira ba. Idanunsa ma ya bayar kamar yadda babansa ya yi a 2006, likitoci suka raba su aka yi wa mutum 4 aiki suka samu gani, daga nan jama'a suka yi ta tururuwa suna rubuta sunansu za su bayar da nasu. A 2022 gwamnatin jihar nan ta Karnataka ta ba shi lambar yabo ta Karnataka Ratna.

Kun ga matar can da furanni, takalminta a hannu, tun ɗazu take tsaye. Ni dai kallo ya kawo ni, bari in matsa in ba su waje. Mai keken da ya kawo ni yana jira a bakin get, hoton Appu ya rufe rabin gilashinsa na baya, ban san ta ina yake ganin hanya ba.