Wane Wata Sabon Mai Lambu Zai Zuba Iri a Kebbi?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Bayanin yau na wanda ya samu ɗan fili ne a bayan gida, ko aka yanka masa wani gefe a bakin fadama, ko ma buhuna kawai ya cika da ƙasa ya jera a tsakar gida. Niyya ta samu, iri yana hannu, tambaya ɗaya ta rage: yaushe za a fara?

Mu soma da abin da ke rikita mutane. Ka buɗe YouTube, ko ka duba bayan wasu fakitin irin da ake shigowa da su daga waje, sai ka ga an ce a fara shuka a Maris ko Afrilu. Maganar gaskiya ce, amma ta mutanen Ingila, Faransa da arewacin Amurka ce. A can ana sanyi mai tsanani wata da watanni, dole mai lambu ya jira ƙanƙara ta daina kwanciya da dare kafin ya fitar da tsironsa waje. Sanyi suke gudu. Mu nan zafi muke gudu. Maris da Afrilun da suke marmari, su ne watannin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40 da rana. Wanda ya bi jadawalinsu ya zuba irin latas ko kabeji a Maris, ya yi asarar kuɗin iri da wahalar jan ruwa.

To ya za a yi? Ka fara tambayar kanka: wannan abin da zan shuka, a wane wata yake bukatar sanyi? Daga wannan watan sai ka ƙirgo baya.

Mu ɗauki tumatir, don shi kowa ke fara sha'awa. Tumatir na yin kamar mako 4 a wurin reno kafin a dasa shi. Bayan dashe yakan ɗauki wata guda ko fiye kaɗan kafin ya fara fure. A wannan furen lissafin duka yake. In zafin rana ya kai wajen digiri 35, dare kuma bai huce ba, ƙurar furen ba ta kamawa, sai furen ya bushe ya kaɗe. Za ka ga tsiro kore shar, ganye ya cika, kana ba shi ruwa safe da yamma, amma ba ɗa ko ɗaya. Da yawa sai su ce irin ne ba shi da kyau, ko su ƙara zuba taki. Ba laifin iri ba ne, lokaci ne ya kuɓuce.

Yanzu ƙirga tare da ni. Ka zuba iri farkon Oktoba, ka dasa farkon Nuwamba, fure ya fito cikin Disamba lokacin da hunturu ya kankama, ka fara tsinka daga tsakiyar Janairu har cikin Fabrairu da Maris. Amma in ka bari sai Janairu ka zuba, dashe ya faɗa Fabrairu, fure ya faɗa tsakiyar zafin Maris. Shi ya sa nake ba sabon shiga shawarar ya zuba irin tumatir tsakanin farkon Oktoba da tsakiyar Nuwamba, kada ya wuce. Akwai wani dalilin kuma. Tsutsar nan da ta cinye gonakin tumatir a Kano, Kaduna da Katsina a 2016, wadda ke shiga cikin ganye tana ci daga ciki, ta fi yaɗuwa idan gari ya yi zafi. Wanda ya shuka da wuri yakan kwashi mafi yawan amfaninsa kafin ta yi ƙarfi.

Tattasai da tarugu sun fi tumatir jan ƙafa. Sukan yi mako 5 zuwa 6 a reno, kuma irinsu ba ya son ƙasa mai sanyi wajen tsirowa. Su ka fara zubawa, tun ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, ƙasa na da sauran ɗumi.

Albasa kuwa, ba sai an koya wa mutumin Kebbi darajarta ba, ga Aliero nan da ake ɗaukar albasarta mota-mota zuwa kudu. Amma tana son haƙuri. Mako 6 zuwa 8 take yi a reno, sai ta kai kaurin fensir ake cire ta a dasa, sannan ta ƙara wata 3 zuwa 4 a fangali. Tana son sanyi lokacin da take yin ganye, tana son bushewa da ɗumi lokacin da take ƙulla kai da nuna. Ka zuba a Oktoba, ka dasa a Disamba, ka cire a Maris ko Afrilu, ka ga duka biyun ta samu. In kana da maƙwabci da ya daɗe yana nomanta, je ka gaishe shi ka ce, Baba, yaushe za ka zuba naka bana? Ranar da ya zuba, kai ma ka zuba.

Latas, kabeji da karas su ne 'yan hunturu na sosai. Irin latas yana da wata ɗabi'a: idan ƙasa ta yi zafin da ya kai wajen digiri 30, sai ya ƙi tsirowa, ya kwanta kamar matacce alhali lafiyarsa ƙalau. Don haka a jira Nuwamba. A yafa shi da yamma, kada a binne shi da zurfi, a ɗan rufa da ciyawa busasshiya, da zarar ya leƙo a yaye masa. Idan zafi ya riske shi a fili kuwa, sai ya miƙe ya fitar da kara, ganyen ya yi ɗaci. Kabeji mako 4 zuwa 5 a reno, sannan kusan wata 3 kafin ya dunƙule. Karas ba a dasa shi, inda zai zauna nan ake shuka shi. A gauraya irin da yashi don kada ya cunkushe, kuma kada a bar saman ƙasar ya bushe har ya fito, ko da zai kai mako 2.

Wanda filinsa ke cikin fadamar gulbin Rima, wajen Argungu ko Birnin Kebbi, ko bakin gulbin Zamfara a Jega, yana da wani lissafin na daban. Wata shekarar Oktoba na ƙarewa ruwa bai gama janyewa ba. Kada ka zauna jiran fadama ta bushe sannan ka zuba iri, wata guda cur zai tafi a banza. Yi renonka a kan tudu, ko a gida cikin tsohon kwano da aka huda gindinsa. Kafin ƙasar ta tsane, dashenka ya isa. Abu ɗaya za ka kiyaye: ruwan ƙarshen damina mai ƙarfi yana kwantar da ƙananan tsiro, kuma laima mai yawa tana ruɓar musu da gindi. A ɗaga wurin renon ya fi ƙasa tudu, a yi masa 'yar rumfar zana, a riƙa yaye ta da safe rana ta shiga.

To wanda ya ga wannan bidiyo a Fabrairu ko Maris fa, ya haƙura sai baɗi? A'a. Akwai kayan miyar da zafi ne abincinsu: kuɓewa, alayyahu, rama, yakuwa, lalo, kabewa da kankana. Kuɓewa ma a tsakiyar hunturu ba ta sakin jiki, sai ta tsaya tsugune ba girma. Daga tsakiyar Fabrairu, da sanyi ya fara sauka, in kana da ruwan da za ka dogara da shi, shuka ta, cikin wata 2 ka fara yanka. Sai dai ka auna ruwanka da gaskiya. A Afrilu fangali na shan ruwa sau biyu a rana, rijiyoyi kuma a lokacin suke ja baya. Fangali biyu da ka iya ƙosarwa sun fi goma da za su ƙone a hannunka.

Ke kuma uwar gida mai buhuna a tsakar gida, da alayyahu za ki fara. Cikin mako 3 zuwa 4 kin yi miya da shi, kuma kusan duk wata yana yi in da ruwa. Ki ajiye buhunan inda rana za ta same su da hantsi, inuwar katanga ta rufe su bayan azahar.

Sai batun damina. Ruwan farko yana da ruɗi. Ya sauka a Mayu, ƙasa ta yi ƙamshi, kowa ya fito da ƙwaryar iri, sannan sama ta ɗauke mako 2 ko 3. Gero na iya jurewa, ƙaramin tsiron kuɓewa ba ya iyawa. Kuma jihar nan ba ɗaya ba ce: Zuru da Yauri na samun ruwa kafin Argungu da Kangiwa, don haka kada ka ji ɗan uwanka na kudu ya shuka ka ce kai ma ka makara. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ka saurare shi a rediyo. Amma ka haɗa da naka gwajin: kwana ɗaya bayan ruwa, ka tona ƙasa tsawon tafin hannunka. In har ƙasan akwai danshi, ka dunƙula ta kuma ta riƙe, ana iya shuka. In saman ne kawai ya jiƙe, a ƙara jira. Tumatirin damina kuwa, ni dai ina ganin sabon shiga ya bar shi tukuna. Cututtukan ganye sun fi yawa a lokacin, kuma yana bukatar irin da aka ware don damina da feshi a kan kari.

Kada kuma ka ɗaura lokacin shukarka da azumi ko sallah. Watannin Musulunci na matsowa da kwana 10 zuwa 11 kowace shekara, hunturu kuwa yana nan inda yake. Wanda ya ce bara bayan sallah na zuba ya yi kyau, in ya riƙe haka, cikin shekara 3 ya goce da wata guda. Rubuta kwanan watan boko a ɗan littafi: ranar zuba iri, ranar dashe, ranar tsinkar farko.

Aikin da za ka iya farawa yau, ko wane wata ake ciki, shi ne taki. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu yana ƙone saiwar tsiro. Tara shi wuri guda a inuwa, ka riƙa yayyafa masa ruwa kana juyawa, ya yi wata 2 zuwa 3 har ya yi baƙi ya daina zafi. Wanda ka tara a Yuli shi zai yi maka renon Oktoba. A bidiyo na gaba za mu nuna yadda ake haɗa shi da ƙasa da yashi, in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.