Tsohon takalmi a cikin bango: kafi na tsare gida irin na Turawa

Wannan lacca ce da wani malamin tarihi ya yi wa dalibai da yamma, ni kuma na dauka a waya na zauna na rubuto ta, gaishe gaishen farko kawai na cire.

Toh jama'a, yau Ingila zamu je. A garin Northampton, wanda dama garin dukawa ne, sana'arsu kenan dinkin takalmi tun kaka da kakanni, akwai gidan adana kayan tarihi da ya tara takalma. A karshen shekarun 1950 wata ma'aikaciyar wurin mai suna June Swann ta lura da wani abu, mutane sai su rika zuwa mata da tsohon takalmi wari daya, duk ya kode ya sha faci, su ce wai suna gyaran gida ne birkila ya fasa bango sai gashi a ciki. Da abin ya ki karewa sai ta bude rajista ta fara rubutawa, an samu a gari kaza, a gida kaza, a wane lungu na gidan. Rajistar nan har yau ana cika ta, kuma takalman da aka rubuta sun kai dubbai, daga Ingila da sauran kasashen Turai har Amurka da Ostireliya, duk inda mutanensu suka yi kaura sun tafi da al'adar. Wanda ake ganin ya fi dadewa an same shi ne a babbar majami'ar Winchester, a bayan kujerun 'yan waka da aka kafa a 1308.

Kuma ba takalmi kadai ba. A 1998 wata masaniyar adana tufafi, Dinah Eastop, ta fara bin diddigin su kansu tufafin da ake boyewa, huluna, safar hannu, wando, rigar daure kirji ta mata, hular jariri. A Reigate an samu wata rigar maza ta lilin mai kama jiki ta wajen farkon karni na 17 an cusa ta a cikin gini. A Sittingbourne kuwa, a yankin Kent, wani tsohon masauki ne za'a rushe, da aka shiga aka kwaso abubuwa sama da 500 a kusa da bututun hayaki da karkashin katakon dabe, tsummokara da takalma da tarkace iri iri, wanda ke nuna ba rana daya aka zuba ba, shekara da shekaru ana karawa.

Yanzu ku lura da wurin da ake sawa, don nan maganar take. Kasarsu sanyi gareta, kowane gida akwai murhu a cikin daki, da bututu da ke fitar da hayaki ta saman rufi. Kofa zaka iya kullewa, taga zaka iya rufewa, amma bututun hayaki ba dama, dare da rana a bude yake yana kallon sama. To an fi samun kayan nan a jikin bututun, sai karkashin dabe, saman silin, gefen kofa da taga, karkashin matakala. Duk mashiga ce. Sarkinsu James ya rubuta littafi kan mayu da aljanu a 1597, a ciki ya kawo maganar cewa maye na iya rikida ya zama karamar dabba ko tsuntsu ya shiga gida ta duk kafar da iska ke bi. Sarki ne fa da kansa yake wannan lissafi, ina ga talaka a kauye da saniyarsa ta daina bada nono ko dansa ke ta rama ba'a san dalili ba.

Sai abu na biyu, kuma shi ne abin da ya kawo ni nan. Kusan duk abin da ake samu tsoho ne. An sa shi har ya gaji, an yi masa faci a kan faci, dunduniya ta cinye ta gefe daya, fatar ta lankwashe daidai yatsun mai shi. Sabo fil ba kasafai ake gani ba. Kuma yawanci wari daya ne, sannan na yara suna da yawa kwarai. Turawan da ke bincike sun dade suna juya wannan, ni kuwa da na fara karantawa dariya na yi, na ce wannan ai ko kakata zata yi musu bayani. Mu nan wa bai san ana cewa kar ka bar tsumman jikinka ko gashin da aka aske maka a ko ina ba? Wa bai taba jin an ce an debi sawun wane ba? Kasa ce kawai fa da kafarka ta taka, amma a tunanin mai sammu wani abu naka ya zauna a wurin. To ina ga takalmin da ka shekara biyar kana zuba masa gumi. A cikin duk suturar dan Adam takalmi ne kadai idan ka cire yake tsayawa da siffarka, riga in ka tube sai ta zube ta zama tsumma, shi kuwa yana nan kamar kafar na ciki.

Bambancin shi ne mu mun fi sanin a dauki kayan mutum a cuce shi, su kuma sai mai gida ya dauki nasa da kansa ya ajiye a mashiga. Masana irin su Ralph Merrifield, wanda ya fitar da littafi kan wannan fanni a 1987, sun kawo fassarar cewa tarko ne, mugun abu ya biyo bututu yana neman mutum, sai ya ji kanshin mutum a takalmi ya afka ciki ya makale. Suna danganta shi da wani limamin coci, John Schorne, na kauyen North Marston wanda ya rasu wajen 1313, da aka ce wai ya taba kama shaidan ya tura shi cikin dogon takalmi. Mutane sun yi ta zuwa ziyara kabarinsa, har ana sayar musu da 'yan bajoji na karfe da hotonsa rike da takalmin, kan shaidan ya leko. In kun lura wannan kafi ne sak, irin wanda ake binnewa a kofar gida ko a kusurwa hudu, ko layar da ake ratayewa a saman kofar daki. Ba ina cewa wani ya koya daga wani bane, a'a, tsoro ne iri daya ya haifi dabara iri daya.

Amma fa kar ku fita ku ce malam ya ce an tabbatar. Ga inda gizo ke sakar: a duk daruruwan shekarun nan ba'a samu takarda ko daya ta wancan zamani da wani ya rubuta cewa na sa takalmi a bango saboda kaza ba. Alhali wani abin makamancinsa an rubuta shi, kwalbar maye, wadda ake zuba fitsarin mara lafiya da kusoshi da allurai da gashi a toshe a binne a gindin murhu, wannan akwai littattafan karni na 17 da suka fadi yadda ake hadawa, har a 2004 an tono wata a Greenwich a toshe da kayanta a ciki. Takalmi da riga kuwa shiru. Shi yasa wasu ke cewa neman haihuwa ne, don Turawa sun dade suna hada takalmi da aure, suna jifan amarya da ango da shi ko su daura a bayan mota. Wasu su ce magina ne ke barin alama. Wasu su ce tunawa da mamaci ne, uwa ta rasa yaro ta kasa yar da takalminsa. Wani kuma toshe kafar iska ce kawai, kamar a fadar Lengberg ta kasar Ostiriya inda a 2008 aka samu tarin kyallaye har da rigunan mama na karni na 15 a karkashin dabe, wanda da alama ciko ne aka yi da shara lokacin da ake kara bene.

Ni dai ra'ayina shirun nan bai bani mamaki ba. Wanda ya binne abu a kofar gidansa a garin nan, ya taba rubutawa a diyari? Ko matarsa wani lokaci bata sani ba, ana cewa in an fada ya karye. Kuma mutum baya hawa tsani ya zura hannu cikin bakin hayaki ya dora takalmin dansa a kan wani dan gurbi sannan ya sa bulo ya like don kawai ya rasa bola. Wani abin da ya kara daure kai, yawancin wadanda aka samu na karni na 18 da 19 ne, bayan majalisarsu ta soke hukuncin kashe mayu a dokar 1735, zamanin jirgin kasa da masana'antu, lokacin da ake mana kallon masu camfi.

Nan wata daliba ta daga hannu ta ce Allah gafarta malam, to wanda ya samu a gidansa yanzu ya yake yi da shi?

Malam ya yi dariya ya ce Hajiya da yawa bola suke tafiya, lebura ya ga tsumma mai kura ya watsa a baro. Wanda ya kai hannun masana kuwa riba ce babba, don kayan sarakuna da attajirai ne dama ake adanawa, na talaka sai ya sa shi ya mutu sannan a yanka a yi wa yaro, saura a sayar wa masu yin takarda, to wadannan na cikin bango su suka nuna mana abin da manomi da 'yar aiki ke sawa. Amma akwai masu gidan da in gidan tarihi ya roka sai su ce a'a, ku zo ku dauki hoto ku auna, a mayar mana da abinmu inda yake. Bature ne da digirinsa, in ka tambaye shi zai ce shi bai yarda da komai ba, amma birkila bazai tashi aiki ba sai ya ga an mayar da takalmin an shafe da siminti.