Chevening: Kunya ce ta kayar da ni a karon farko

Assalamu alaikum jama'a masu kallon wannan bidiyo, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da ƙarar nan da kuke ji, butar shayi ce, yanzu za ta yi shiru. Ƙarfe takwas da rabi na dare ke nan a Liverpool, amma ku leƙa ta taga ku gani, rana ko niyyar faɗuwa ba ta yi ba. Magariba sai wajen tara. Ranar da na fara haska wa Inna wannan a waya, cewa ta yi, "To ku yaushe kuke barci a garin nan?" Na ce Inna ki bari Disamba ta zo, kafin ƙarfe huɗu magariba ta yi.

Tunda Agusta ta kama, wayata ba ta huta ba. Wannan ne watan da ake buɗe shafin neman Chevening, kuma kowa tambayarsa ɗaya: Anti, yaya aka yi kika samu? Wasu har da cewa in tura musu abin da na rubuta su ɗan duba. Ba zan tura ba, zan kuma faɗi dalili a gaba. Gara in zauna in yi bayani sau ɗaya, duk da ga kundin bincikena can a kan tebur yana harara ta.

Ga wanda bai san shi ba, Chevening tallafin karatu ne na gwamnatin Birtaniya, ana bayar da shi tun 1983, ta hannun ma'aikatar harkokin wajensu. Sunan ma na wani gida ne a yankin Kent, wanda ministan harkokin wajen ke sauka a cikinsa. Digiri na biyu ne na shekara ɗaya, a jami'ar da ka zaɓa da kanka. Su ke biyan kuɗin makaranta, da jirgin zuwa da na komawa, da biza, sannan kowane wata a saka maka kuɗin haya da abinci. Ana son ka riga ka gama digiri na farko, kana da ƙwarewar aiki ta sa'o'i 2,800, wato kimanin shekara biyu, ka zaɓi kwasa-kwasai uku, ka kuma amince za ka koma ƙasarka ka yi aƙalla shekara biyu bayan ka gama. Nema kyauta ne, ko sisi ba a biya. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi yana da hanya a ofishin jakadanci, ka riƙe kuɗinka ka sayi data. Ranar rufewa kuwa ku duba a shafinsu da idonku, domin takan matsa daga shekara zuwa shekara.

Wannan duk kowa zai iya karantawa. Inda ake faɗuwa shi ne rubuce-rubuce huɗu da ake nema: ɗaya kan jagoranci, ɗaya kan yadda kake ƙulla hulɗa da mutane, ɗaya kan dalilin zaɓen kwasa-kwasanka, na ƙarshe kan abin da za ka yi in ka koma gida. Ni na farkon ne ya yi waje da ni.

Bari in zuba shayin nan tukuna.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekaru ina aiki a wani ƙaramin asibiti a karkarar Jigawa. Da na zauna rubuta na jagoranci a karon farko, sai na hau jero muƙamai. Na taɓa zama monita a sakandare. Na yi amira a ƙungiyar ɗalibai Musulmi a jami'a. Na yi sakatariyar wani kwamiti lokacin hidimar ƙasa. Sauran wurin kuma na cika shi da manyan kalmomin Turanci, irin waɗanda in ka karanta sai ka ji kamar jawabin ranar yaye ɗalibai. Inda na zo maganar aikin asibiti, duk jimlar da na rubuta da "mu" ta fara. Mun yi kaza, mun gyara kaza, mun wayar da kan mata. Na tura ina jin daɗi, har na fara duba farashin rigar sanyi. Bayan 'yan watanni saƙo ya shigo, ko ganawa ba a kira ni ba.

Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Inna ta ce ba rabona ba ne, kuma gaskiya ta faɗa. Amma da shekara ta zagayo, sai na kai rubutun wurin wata babbar yaya da ta taɓa samun tallafin. Ta karanta a gabana, ta cire tabarau, ta ce, "Ƙanwata, na ga asibitinku, na ga kwamitinku, amma ke ban gan ki ba. Ina kike a cikin takardar nan?" Na ce Yaya, ai ba ni kaɗai na yi aikin ba, kuma yabon kai jahilci ne. Ta yi dariya ta ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya."

Abin ya tsaya min a rai, domin haka aka tarbiyyantar da mu. Yarinya ba ta cewa ni na yi. In aka yaba miki, ki sunkuyar da kai ki ce ai ƙoƙarin jama'a ne. Ina son wannan tarbiyyar, kuma ba zan yar da ita don na hau jirgi ba. Sai dai mutanen da ke karanta takardun nan ba su san ki ba, ba su san gidanku ba, gabansu akwai dubban takardu daga ƙasashe sama da 160. In kika ce "mu", ba su da hanyar sanin ko ke ce kika ja ragamar ko kuwa kina bayan ɗaki kina danna waya.

Sai ta ce in ba ta labarin rana ɗaya da na sauya wani abu a wurin aiki. Na ce babu. Ta ce in dai yi tunani. Can sai na tuna maganar ranar awo.

A asibitinmu ranar Alhamis ake awon ciki. Mata ba sa zuwa sosai, mu kuma kullum maganarmu ɗaya, mutanen ƙauye ba su waye ba. Wata rana wata mata ta zo haihuwa, ƙafafunta sun kumbura, jininta ya hau, ko sau ɗaya ba ta zo awo ba. Allah Ya sa aka samu kanta. Da ta dawo hayyacinta na tambaye ta, cikin faɗa ma na yi tambayar, me ya hana ki zuwa? Ta ce, "Malama, ai Alhamis kasuwa ce. Maigida da babur yake tafiya tun asuba, wa zai kawo ni?" Shekara nawa muna zagin mutane da rashin wayewa, ashe mun ɗora awo ne a kan ranar kasuwar garin da ke kusa, ranar da duk wani babur da ke ƙauyukan nan ya tafi can.

Na ɗauki rajista na je wurin incajinmu. Ya ce ranar daga sama aka tsara ta. Ni kuma da zafin kai na ƙuruciya, sai na tsallake shi na kai maganar ƙaramar hukuma. Kafin in dawo labari ya riga ni isowa. Wata guda bawan Allah nan ba ya amsa gaisuwata sai da ka, maganar awo kuma ta mutu. Sai da na sayi goro na je har gida na ce, "Ranka ya daɗe, na yi kuskure, a yafe min." Daga nan na roƙe shi ya kai maganar gaban kwamitin unguwa da bakinsa, a matsayin shawararsa. Na bi mai unguwa, na bi liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a, na bi ungozomomin gargajiya gida-gida. Aka mayar da awo Talata. Rajistar da a da ba ma cika rabin shafi, sai ga shi muna juya shafi kafin azahar, har benci muka aro daga makarantar firamare.

Da na gama, Yaya ta ce, "To wannan fa? Shi kika bari kika je kina ba su labarin monita?" Ni wallahi ban taɓa ɗaukar abin a matsayin jagoranci ba. A wurina jagora shi ne mai kujera da hatimi.

Shi na rubuta a karo na biyu, har da tsallake incajin da zuwa ban haƙuri. Na so in cire wannan wurin don kada su ga laifina, ta ce in bar shi, shi ne gishirin labarin. Kalmomin da ake ba ka ƙididdigaggu ne, saboda haka ba wurin dogon sharhi: ga matsalar, ga abin da na yi da hannuna, ga abin da ya biyo baya. Inda aikin na jama'a ne na ce na jama'a ne, inda ni ce na ce ni ce. Hannuna har rawa yake ina rubuta "ni".

Dalilin da ya sa ba na tura wa kowa rubutuna ke nan. Labarin ranar kasuwa nawa ne, in ka ɗauka ka sauya sunan gari, ranar ganawa za a yi maka tambaya ɗaya ka rikice. Suna kuma bincikar satar rubutu, sun hana a sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta maka. Kai ma kana da taka ranar kasuwar, ko a aji kake koyarwa, ko a banki, ko a gona.

Na hulɗa da mutane bai ba ni wahala ba, da na gane cewa zumunci suke nufi, abin da muke yi kullum a biki da suna da gaisuwar rasuwa. Bambancin kawai, suna son ka nuna abin da zumuncin ya haifar. Na kwasa-kwasai kuwa aikin bincike ne: ka shiga shafin jami'a, ka karanta darussan da ke cikin kwas ɗin, ka ɗaura su da matsalar da ka baro a gida. Kada ka ce Ingila ƙasa ce mai kyawun ilimi, sun sani. Ni na zaɓi makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta nan Liverpool, wadda aka kafa tun 1898, saboda aikinsu kan lafiyar mata masu juna biyu. Ku tuna neman gurbin jami'a daban yake da neman tallafin, kowanne da ƙofarsa, kuma zuwa Yuli dole ka riƙe takardar gurbi marar sharaɗi daga ɗaya cikin ukun. Takardar sakamakon jami'a ku fara bin ta tun yau. Ni sai da na yi sawu huɗu zuwa tsohuwar makarantarmu, kullum mai sa hannu ya fita. Haka malaman da za su rubuta muku takardar shaida, mutum biyu ake so, kada ku bari sai saura kwana uku ku fara kiran Malam yana kan hanyar Umara.

Ganawa a ofishin jakadancin Birtaniya da ke Abuja na yi ta. Na kwana gidan gwaggona a Kubwa, na yi sammako saboda cunkoso. A nan ma kunyar ta so ta sake kama ni. Mu in babba yana magana ƙasa muke kallo, su kuma in ka ƙi kallon idonsu sai su ɗauka ba ka da tabbacin abin da kake faɗa. Sati biyu ina gwaji da ƙanina, yana zaune a kan turmi yana yi min tambayoyi da Turancinsa na 'yan ƙwallo, duk lokacin da na sunkuyar da kai sai ya buga cokali a kwano. Tambayoyin ranar kusan duk daga rubutuna suka fito. Da aka zo kan incaji, ɗaya daga cikinsu ta tambaye ni me zan yi daban in abin ya sake faruwa. Na ce zan fara da kai goron. Sai da na yi bayanin goro kafin suka yi dariya.

A watan Yuni saƙon ya zo, ina tsakiyar ba wa wani yaro allurar rigakafi wayar ta yi ƙara a aljihu. Ban duba ba sai da layi ya ƙare.

Abu biyu kafin in tashi, don kada a ce ban faɗa ba. Kuɗin wata na mutum ɗaya ne. Yana isa in kana dafa abincinka, na masu zama Landan ya ɗan fi namu saboda tsadar haya, amma ba albashi ba ne da za ka riƙa yi wa dangi aike duk wata. Ku yi wa gida wannan bayanin tun kafin ku taso, domin da an ji fam, lissafi ake farawa da naira. Ba su kuma ɗaukar nauyin iyali. Sai maganar komawa. Akwai masu rubuto min suna tambayar dabarar da za a yi a maƙale bayan an gama. Ni ba ni da ita, kuma ban nema ba. Alkawari ka sa wa hannu, kuma kujerar da ka hau wani ne ya rasa ta, wanda wataƙila da gaske yake son komawa. In zama kake so akwai wasu hanyoyin, ka bi su.

Ni dai ga akwatina can, na fara zuba littattafai, nauyin kaya ne ma ke damuna. Jiya incajin nan ya kira ni, yanzu mun zama abokan shawara, ya ce an ƙaro musu ma'aikaciya ɗaya amma firjin rigakafi ya sake lalacewa, yaushe zan dawo. Na ce Ranka ya daɗe, bari in miƙa kundin nan tukuna.

Kai, shayin ya huce. Ga magariba ma ta kusa, bari in je in yi alwala. Masu tambaya kan gwajin Turanci da gwajin tarin fuka na biza, na ga saƙonninku, sai a bidiyo na gaba in Allah Ya kai mu. Sai an jima.