Ƙananan Taragan Marigayi: Daga Ɗakin Ajiya Zuwa Akwatin Nuni

[Hoto: ƙaramin tarago mai launin kore a kan tebur]

Wannan da kuke gani tiram ne, jirgin lantarkin da ke bin layin dogo a tsakiyar titin gari, yana shan wuta daga wayar da ke sama. Samfurin PCC ne, wanda ya fara ɗaukar fasinja a Amurka a 1936. Na gasken ya kai kusan mita 14, wannan kuwa santimita 29 ne kacal, domin an ƙera shi a ma'aunin 1:48, wato kashi ɗaya cikin 48 na girman na gasken.

Bayan yaƙin duniya na biyu, birane da yawa a Amurka da Ingila sun tumɓuke layukan tiram suka koma bas. Landan ta sallami nata a 1952. Mutanen da suka tashi suna hawan jiragen nan ne suka zauna shekara da shekaru suna ƙera ƙananansu da katako, tagulla da kwali. Yau da yawansu sun riga mu gidan gaskiya, kayan sun faɗo hannun 'ya'ya da jikoki, su kuma suna so jama'a su gani. Ɓarnar da ta fi yawa a wannan gaɓa, hannun mai son gyara ne ke yin ta, sai kuma akwatin da aka sa kayan a ciki.

Don haka ranar farko kada ku goge, kada ku shafa mai, kada ku jona wuta ku ga ko yana tafiya. Giris ɗin da ya shekara 30 a cikin giyar injin ya daskare, robar wayoyin ta bushe. Kuna ba shi wuta, injin zai yi ta ƙoƙarin juyawa ya kasa, ya yi zafi, ya ƙone.

Aikin ranar nan hoto ne da rubutu. Kowane tarago a ba shi lamba a 'yar takarda, a ɗaura da zaren auduga a ƙarƙashinsa. Sitika da salatif ba su da wuri a nan, danƙonsu yana ɗaga fenti. A ɗauki hoto shida: gaba, baya, gefe biyu, sama da ƙasa, da rula a kusa. Sannan a tattara duk takardun marigayi, zanen da ya yi aiki da shi, littafin awonsa, hotunan jiragen da ya kwaikwaya, har gwangwanayen fentin da ya rage. Masu gidan adana kayan tarihi sukan tambayi waɗannan tun kafin su dubi taragon, domin su ne ke nuna wane jirgi ne, na wane layi, a wace shekara.

[Hoto: hannu biyu cikin safa suna ɗaga tarago]

Ɗauka kuma da hannu biyu, ta ƙasa, wajen kwangirin da tayoyi ke maƙale. Rufin yawancinsu ɗora shi kawai aka yi, yana iya biyo hannunku gangar jikin ta faɗi. Safar roba ta naitiril ta fi ta auduga, domin zaren auduga yana kama matakala da sandunan riƙo, ga santsi. Sandar nan ta kan rufi mai taɓa waya, sifirin ne ke tura ta sama. A kwantar da ita a ƙugiyarta kafin a motsa komai, ita ce ta fi saurin lanƙwashewa.

Yanzu sai duba cuta. Ku samo tocila da gilashin ƙara girma.

Idan kun ga farin gari a kan fitilu, kujeru ko gefen tayoyi, dalmar da aka ƙera su da ita ce take ruɓewa. Tururin asid ne ke jawo haka, irin wanda ke fita daga katakon ok, filawud, katakon MDF, farin gam na kafintoci, da silikon mai warin ruwan khal. A rufaffen akwati tururin ba shi da mafita, sai ya yi ta cin dalmar har ƙaramin abu ya zama gari. Garin nan guba ne. Kada a hura shi da baki, a wanke hannu, a kuma nisanta yara.

Koren tabo a inda aka haɗa tagulla da dalma, ragowar ruwan haɗi ne, sinadarin da ake shafawa don dalma ta kama, da maƙerin bai wanke ba, yana jawo laima yana cin ƙarfe. Wannan yana gyaruwa a hannun ƙwararre. Wanda ba ya gyaruwa shi ne ciwon tutiya: tayoyi da kwangirin da aka zuba da gaurayen tutiya, musamman na shekarun 1930 zuwa 1950, idan an samu gurɓatar dalma a ciki, sai su kumbura, su tsattsage, su marmashe. Ba maganin da ke tsayar da shi. Abin yi shi ne a rage masa laima, a tallafe shi, in ya ƙare a sa sabo a rubuta cewa sabo ne, tsohon kuma a adana shi cikin 'yar jaka mai lambar taragon.

Tagogi kuma ku sansana su. Warin ruwan khal ko na kafur, tare da rawaya da lanƙwasa, alama ce ta tsohuwar roba irin ta fim da ta fara lalacewa, kuma tururinta yana cin ƙarfen da ke kusa. Irin wannan tarago a ware shi, kada ya shiga akwati ɗaya da sauran.

Ƙananan huda a katako da sabon gari mai haske a ƙasa, ƙwari ne suna nan da rai. Wasu za su ce a sa a firiza. Ga katako zalla yana yi, amma tarago katako ne da ƙarfe da fenti da gam, kowanne da yadda yake tsukewa a sanyi. Ya fi aminci a rufe shi cikin jakar da iska ba ta shiga, tare da ƙullin sinadarin da ke shanye iskar oksijin, na aƙalla mako 3.

[Hoto: buroshi mai laushi da bakin injin zuƙar ƙura]

Shara a bushe ake yi. Buroshi mai laushi irin na masu zane, a naɗe wuyansa na ƙarfe da salatif don kada ya karci fenti. Injin zuƙar ƙura a rage masa ƙarfi, a ɗaura masa ƙyallen raga a baki, a riƙe shi nesa kaɗan. Buroshi ne ke taɓa tarago, injin yana karɓar ƙurar ne kawai, ragar kuma ta tare duk wani guntun da ya ɓalle. Daga rufi ake farawa a sauko. Inda fenti ya ɗaga ko lambobin jiki suka fara ɓarewa, a tsallake wajen. Ruwa, sifirit da man goge katako duk a ajiye su, sifirit ma yana narkar da wasu tsofaffin fenti nan take.

Idan wani abu ya ɓalle, ƙa'idar masu adana kayan tarihi ita ce duk abin da aka yi ya zama ana iya warware shi. Katako da katako, gam ɗin fata, wanda ruwan ɗumi ke sakinsa. Ƙarfe ko gilas, gam ɗin Paraloid B-72, wanda sinadarin asiton ke narkarwa, a ɗiga da tsinke, a kula kada ya taɓa fenti. Sufa gulu yana barin farin hazo a tagogi, kuma cire shi sai da ɓarna. Sake fenti kuwa, mu dai ba ma goyon baya. Sawun buroshin marigayi da ɗan karkacewar harafinsa su ne shaidar aikin hannu ne, kuma abin da masu kallo suka zo gani ke nan.

Sai akwatin nuni. Mafi aminci gilas ne ko akirilik, robar nan mai kama da gilas, a kan ƙarfe mai gasasshen fenti. In dole sai katako, a lulluɓe cikinsa da takardar alminiyam mai tare tururi, in an yi fenti a bar shi a buɗe mako 4 kafin a sa komai. Manyan gidajen tarihi suna gwada kowane ƙyalle da gam da gwajin Oddy, wanda Andrew Oddy ya ƙirƙiro a British Museum a 1973: a rufe abin da ake zargi da guntayen azurfa, jan ƙarfe da dalma a zafin digiri 60 na kwana 28, a ga ko sun canja. Iyali ba sai sun yi wannan ba, su dai sayi kayan da aka riga aka gwada. Ulu da jan ƙyallen shimfiɗa na ulu a bar su, suna baƙanta ƙarfe.

Laima ta tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 55 cikin ɗari, zafi wajen digiri 20. Hawa da sauka ya fi cutarwa, domin katako yana kumbura yana tsukewa, ƙarfen da ke manne da shi ba ya bin sa, fenti ne ke tsagewa a tsakani. Ƙullin silika mai shanye laima a aljihun ƙasan akwati da ƙaramin ma'aunin laima sun wadatar. Fitila ta zama LED, a wajen akwati in da hali. Haske kada ya wuce lakis (ma'aunin ƙarfin haske) 150 zuwa 200, in akwai kwali, takarda ko labulen ƙyalle a sauko 50. Rana kai tsaye ba ta taɓa shi, jan fenti ne ke fara koɗewa, kuma abin da ya koɗe ba ya dawowa.

A kan layin dogon nuni, a sa ɗan tubalin akirilik a ƙarƙashin ciki ya ɗauke nauyi daga tayoyi, a ɗaure da siririn zaren nailan don kada ya gangara in an bugi akwatin. In za a yi tafiya, kowane tarago da gurbinsa cikin soson foliyetilin, a naɗe da takarda marar asid. Soson katifa yana ruɓewa ya manne a fenti, jarida kuma tana barin tawada.

Wajen kai wa, a fara da gidajen da tiram ne aikinsu, irin Seashore Trolley Museum a jihar Maine, wanda aka kafa a 1939, ko gidan tiram na Crich a Ingila, sannan ƙungiyar tarihi ko ɗakin karatu na garin da ainihin jiragen suka yi aiki. A aika hotuna da jerin kaya tukuna, kada a yi sallama da kwalaye a ƙofa. Kuma a fahimci bambancin kyauta da aro. In kun sa hannu a takardar kyauta, kayan sun zama nasu, kuma yawancin gidaje ba sa alkawarin nunawa kullum, suna iya ajiyewa a sito ko ma su miƙa wa wani. In aro ne, a rubuta wa'adi, wa ke biyan inshora, wa ke da izinin gyara, ko za a jona wuta, da yadda za a rubuta sunan marigayi a allon bayani. Duk magada su sa hannu, kowane ɓangare kuma ya riƙe kwafin hotunan ranar miƙawa.