Idan Kwale-kwale Ya Kife: Yadda 'Yan Sa-kai Ke Neman Mutane

A watan Yunin 2023, jirgin ruwa ɗauke da 'yan biki ya kife a Kogin Neja, a yankin Patigi na jihar Kwara. Sama da mutum 100 suka rasu. A irin wannan hatsari, kafin jami'an NEMA (hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa) ko na Red Cross su iso, masunta da gwanayen nutso na ƙauye ne ke kan ruwa.

Aikin kuwa daga tudu yake farawa. Mutum ɗaya ne ke ba da umarni, galibi Sarkin Ruwa ko wanda ya wakilta. Wani kuma ya riƙe littafi: wa ya hau jirgin, wa ya fito, wane mai ceto ya shiga ruwa, ƙarfe nawa. Yawancin jiragen nan ba sa rubuta sunayen fasinja, shi ya sa a kan wuni ana neman wanda tuni ya isa gida.

Sai a tabbatar da inda jirgin ya kife. A tambayi shaidu biyu da suka tsaya a wurare dabam, kowa ya nuna da hannu. Inda layin hannayensu ya haɗu, nan za a kafa alama. A jefa jarka mai rabin ruwa a ga inda igiyar ruwa ke janta. Idan tana cin mita 1 a daƙiƙa, cikin awa guda ta yi kilomita 3.6. Don haka kwale-kwale ɗaya zai riga kowa gangarawa ƙasa ya tsare, sauran su jeru suna duba kwana, gindin bishiyar da ta faɗa ruwa, da inda ruwa ke juyawa.

Wanda ke da sauran numfashi, a miƙa masa gora ko a jefa masa igiya da jarka. Faɗawa ruwa shi ne zaɓi na ƙarshe, domin mai nutsewa ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, balle wuyan mutum.

In jirgin ya kife yana shawagi, a ƙwanƙwasa, kowa ya yi tsit. Wataƙila akwai mai rai a ƙarƙashi, yana shaƙar 'yar iskar da ta maƙale. Kada a huda jirgin: iskar za ta fice, ya nutse.

Mai nutso ba ya shiga sai da igiya a ƙugu, wani na riƙe da ita, na uku na zaune cikin shiri.

Wanda aka tsamo ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci wajen matsa masa ciki. A hura masa iska baki da baki sau 5, sannan danna ƙirji 30, hurawa 2, a yi ta yi.

Duhu na yi a dakatar da nutso. A aika wa ƙauyukan da ke ƙasan kogi su sa ido, domin a ruwa mai ɗumi gawa kan taso bayan kwana ɗaya zuwa uku, sau da yawa nesa da inda aka yi hatsarin.