Kifin Bakan Gizo na Tafkin Eacham: Laccar da Aka Rubuto Daga Rikodin

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina ko? Toh madalla.

Yau Ostareliya zan kai ku, can arewacin jihar Queensland, kan wani tudu da ake kira Atherton. Akwai wani tafki a wajen sunansa Eacham, ramin dutse mai aman wuta ne ruwa ya cika shi, zurfinsa ya kai mita 65, kuma abun da nakeso ku rike shine babu kogin da ke shiga babu wanda ke fita, daji ne kawai ya kewaye shi. A da, a cikin ruwan nan akwai wani dan kifi da tsawonsa bai wuce dan yatsa ba, dangin kifin bakan gizo, jikinsa kamar azurfa da shudi shudi, fukafukansa jajaye, yana zuba kwansa a jikin ciyawar ruwa kwan ya makale da wani siririn zare. Sai a 1982 masana biyu, Gerald Allen da Norbert Cross, suka rada masa suna Melanotaenia eachamensis.

Shekara biyar kacal. A 1987 aka bi tafkin nan aka duba ko daya babu.

Ba guba aka zuba ba, ba fari akayi ba, ba masunta bane suka kwashe shi. Mutane ne suka dinga dauko wasu kifaye daga kogunan da ke kusa suna sakewa a tafkin ba da izini ba, ciki harda wani mai katon baki, Glossamia aprion, wanda ke labewa cikin ciyawa yana hadiye kananan kifi, shi kuwa dan bakan gizon nan tun kaka da kakanni bai san irin wannan makiyin ba, bai iya buya ba, kuma ina zai gudu tunda tafkin ba kofa? Wallahi duk sanda na zo wajen nan sai raina ya sosu. Irinsa ne ya faru a Tafkin Victoria na gabashin Afirka da aka saka giwan ruwa a shekarun 1950, ita dai giwan ruwan da muke saya a kasuwa, ta cinye kananan kifaye iri iri har wasu suka kare.

Sa'ar da akayi, wasu masu kiwon kifi a akwatin gilashi sun debi kadan tun kafin abun ya baci, sunata hayayyafa su a gida. A 1989 aka maida dubbai cikin tafkin, bayan 'yan watanni aka neme su aka rasa. Toh ai dole, an maida akuya gidan kura kuma kurar na nan zaune.

Daga baya a shekarun 1990 aka gwada kwayoyin halitta sai aka gano ashe akwai ragowarsa a wasu rafuka na tudun, irin su Dirran, da kuma Tafkin Euramoo. Amma kar ku saki jiki. Kungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta saka shi cikin jerin masu fuskantar barazanar karewa, domin yanzu wata matsala ce ta taso, dan uwansa Melanotaenia splendida yana shigowa rafukan suna barbara, 'ya'yan su fito ruwa biyu, jinin asalin yana narkewa a hankali ido bai gani sai an kai dakin gwaji. Shi Tafkin Eacham kuwa har yau kifin da ke dauke da sunansa bai koma ba.

Akwai mai tambaya? Malam na gaban nan, bismillah.